Yadda Na Je Birmingham Neman Alaji

Tun ranar da na dawo ƙafa ba ta ɗauke a gidana ba. Har wadda rabona da ita tun sunan autana ta zo yi mini sannu da zuwa, Allah ya saka da alheri. Kowa ta zauna sai ta ce, "Ya Ingila? Ya sanyi?" sannan ta gyara zama ta zuba mini ido. Na san ba sanyin ne ya dame ku ba, labarin Alaji kuke jira. To bakina ya gaji da maimaitawa, ga shi nan a rubuce, kowa ta karanta ta huta.

Saboda wadda ba ta san mafarin zancen ba: 'yata ta fari tana aure a Manchester. Mutane suna ce mata Zulaihatu. Ni ban taɓa furta sunan ba, yanzu ma alƙalami ne ya faɗa. Mijinta Kabiru akanta ne, suna da 'ya ɗaya, Nana, mai shekara biyar. Ita kuma tana digirin digirgir a wata jami'a a Birmingham, daga Litinin zuwa Juma'a tana can a gidan ɗalibai, ƙarshen mako ta koma wurin iyalinta. Me take karantawa? Wani abu ne dai na kimiyya. Ban taɓa tambaya ba. Mu haka aka raine mu, 'yar fari ba a sakar mata fuska, ba a jan hira da ita. In ta bugo waya, ina kwana, lafiya lau, ya yarinyar, a gaida maigidan, sai in miƙa wa ƙanwarta su yi ta surutunsu.

Wata Asabar Hajiya Rabi, mahaifiyar Kabiru, ta kira jikarta ta bidiyo, ta ce ina Mummy. Yarinya ta ce, "Ta tafi feeding Alajinta." Mako na zagayowa ta sake tambaya, Nana ta ce Mummy ba ta zo ba, Alaji ba shi da lafiya. Washegari sai ga Hajiya Rabi a tsakar gidana, ko ruwan da aka kawo mata ba ta kalla ba.

Ta ce, "Ni ba na son zargi, Hajiya, amma ruwa ba ya tsami banza. Ban faɗa wa ɗana ba tukuna saboda mutuncinki. Ki bincika. In ba haka ba ni zan yi magana, kuma in na yi, ba na jin auren nan zai kai labari."

Ta ce sirri ne tsakanina da ita. Sirrin ya riƙu ƙwarai, don kafin kwana bakwai Alaji ya samu gari, ya samu sana'a, ya samu mata uku. Wata a cikinku ta ce basakkwace ne mai canji. Wata ta rantse ta ga hotonsa. Allah ya ƙara muku basira.

Dama sun daɗe da nema mini biza ina ta ja musu rai, saboda tafkunan tarwaɗa huɗu da nake kiwo a bayan gida ba sa son a yi musu nisa. Da wannan magana ta taso, na damƙa wa ƙanina kifin, na haɗa kaya. Za ku ce me ya hana in ɗauki waya in tambaye ta. Da wane bakin? Hawa jirgi ya fi mini sauƙi.

Daga Kano muka tashi, muka sauka wata ƙasa muka canja jirgi. Abincin jirgi ba zan ɓata takarda a kansa ba: shinkafa cokali huɗu a ɗan akwati, da biredi mai sanyi, da wani ganye da aka manta ba a dafa ba. Maƙwabcina a kujera ya toshe kunnuwansa tun kafin in gama yi masa sallama, haka muka yi awa shida kafaɗa da kafaɗa ba mu san sunan juna ba.

A filin jirgin Manchester wata ma'aikaciya ta duba fasfo ɗina, ta tambayi abin da ya kawo ni. Na ce ziyarar 'yata, da ɗan Turancin da na tsira da shi daga sakandare. Ba ƙarya na yi ba, rabin gaskiya ce. Wajen ɗaukar kaya kuma sai ga wani kare da riga, an ce ma'aikaci ne shi ma. Ya wuce akwatunan mutane ɗari, ya zo ya zauna a gaban nawa. Aka buɗe. Bandar kifina ta wuce, kilishin da na sayo wa surukina kuwa aka ce nama ba ya shiga ƙasar, aka karɓe tare da ba ni haƙuri sau uku. Ban taɓa ganin mutanen da ke raba ka da kayanka cikin ladabi irin haka ba.

A waje na tarar da Kabiru riƙe da hannun Nana. Na duba bayansu, babu kowa. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe, muka shiga mota na zauna a baya.

Ya ce, "Umma, ta ce a ba ki haƙuri, sai Friday za ta zo. Alajin nan ne ya riƙe ta, this week ba ta isa ta matsa ko'ina ba."

Ashe ma ya sani. Na yi ta maza na ce, "Allah sarki."

"Wallahi ya ƙwace mana ita. Wani lokacin har weekend sai ta koma ta duba shi. Shi ba ya son zafi ya yi yawa, ba ya son sanyi, kullum sai an kunna masa wuta. Ni dai na saba, na ce mata in dai za ta samu abin da take nema, ba komai."

Yana faɗa yana dariya, yana kunna sigina. Na kalli ƙeyarsa na ce a raina, wannan ƙasa ba kilishi kaɗai take ƙwacewa a bakin ƙofa ba, har da kishin maza. Amma suruki ne, ba a tsawaita zance da shi. Na juya ina kallon ruwan sama ta taga.

Unguwarsu ana ce mata Old Trafford. Gidajen duk jan bulo, a manne da juna, ƙofa ɗaya taga ɗaya, in ba ka riƙe lamba ba sai ka kwana a gidan wani. Kwana biyu na yi babu maƙwabcin da ya leƙo ya ce baƙuwa sannu da zuwa. Shara kuwa ana girmama ta: mazubi kala-kala a ƙofar gida, kwali da nasa, kwalba da nata, ragowar abinci da nasa, kuma kowanne da ranar da council, wato hukumar gari, ke zuwa ɗaukarsa. Na zuba ƙayar kifi a na kwali, Nana ta riƙe ƙugu ta yi mini faɗa da wani Turanci da ke fita ta hanci, ko kalma ɗaya ban kama ba.

Kabiru da kansa ya tuƙa tuwo ya kaɗa miyar kuka, ya kawo mini har ɗaki. Miyar ta yi daɗi, abin da ya ƙara ɓata mini rai ke nan, don alama ce ta wanda ya daɗe yana yi. Da safe bayan sun fita na ce bari in ɗumama bandata a kasko. Hayaƙi bai kai ko'ina ba wani abu a silin ya fasa ihu. Na yi salati, na yi fifita da mayafi, na roƙe shi, bai saurara ba. A nan ne maƙwabciyar ta tuna da zumunci, ta fito da kare a hammata tana tambaya ko a kira 'yan kwana-kwana.

Ran Laraba haƙurina ya ƙare. Na ce wa Kabiru ya sa ni a jirgin ƙasa, zan je in ga makarantar. Ya yi murna, ya ɗauko waya zai sanar da ita. Na ce kada ya kira, so nake in yi mata ba-zata. Ya rubuta mini adireshi a takarda, ya ce akwai wata Rifkatu da suke gida ɗaya, ba ta da aiki ranar, za ta buɗe mini.

Jirgin ƙasarsu mai tsabta ne, ban hana su ba. Amma mutum sama da hamsin a tarago ɗaya, ko tari babu mai yi. Wani ya taka ni ya ce sorry, ni ma na taka wata, ita ce ta ce mini sorry. Na sayi abin da suke kira sandwich, biredi biyu aka haɗa da kifin gwangwani aka ajiye a firji don kada ya yi kuskuren yin ɗumi. Ina tauna ina shirya maganar da zan faɗa wa Alaji. Na shirya ta da Hausa, na shirya ta da Turanci, na tanadi wadda zan yi da hannu in duka biyun ba su isa ba. A ƙarƙashin duk wannan kuwa tsoro ne fal cikina, don ban san abin da zan yi ba in na tarar da gaske ne.

Babbar tashar Birmingham kasuwa ce aka ɗora a kan jirage. Na hau matakala mai tafiya da kanta sau uku, sau uku ina fitowa gaban shagon turare ɗaya. Daga ƙarshe na nuna wa wani dattijo mai rawani irin na Indiyawa takardata, ya raka ni har bakin ƙaramin jirgin da ke zuwa Selly Oak. Shi kaɗai ne a tafiyar nan ya tambaye ni daga ina nake.

Selly Oak unguwar ɗalibai ce, kuma ta yi kama da su: labule a karkace, keke a ɗaure a kowace ƙofa. Rifkatu ta buɗe mini, 'yar Kafanchan ce, tana karatun jinya. Tana ganina ta rungume ni kamar ta shekara da sanina.

"Mama, sannu da hanya! Kai, Zulai za ta yi mamaki. Shigo, kar ki cire sweater, heating ɗin sai six yake kamawa."

Ta zuba mini gwaten acca mai zafi, shi ne abinci na farko da ya san hanyar cikina tun da na sauka. Ta nuna mini ɗakin 'yar tawa a can sama: gado ɗan siriri, tebur, littattafai har ƙasa, sallaya a ninke, da zanen Nana a manne a bango. Na duba ƙarƙashin gado da sunan neman takalmi. Na ce a raina, in dai Alajin nan mai canji ne, to marowaci ne.

Da muka sauko na ce, kamar ba komai, "Ni kam 'yar nan, shi wannan Alajin, ɗan ina ne?"

Ta ce, "Oh, na Zulai? Ina jin daga Scotland. Ta post ya zo."

Na ce to, canjin wurin aiki aka yi masa ke nan. "Yana da iyali?"

Ta tuntsire da dariya har da dafa bango. "Mama, kina da ban dariya! Ai shi ba shi da aiki sai haihuwa. Kullum ƙaruwa yake."

Na ce lallai. Na ajiye cokali na ce ta kai ni inda yake.

Muka taka zuwa jami'ar, muka shiga wani gini, Rifkatu ta aika saƙo ta waya. Ba a jima ba sai ga 'yar tawa ta fito da farar riga a kan doguwar rigarta, ta rame, idonta ya faɗa. Tana ganina ta toshe baki, ta zube a ƙasa ta gaishe ni a gaban Turawa. Ban amsa da kyau ba.

Na ce, "Ina yake?"

"Wa, Umma?"

"Wanda ya hana ki zuwa tarbata a filin jirgi."

Na zaci za ta sunkuyar da kai. Sai na ga fuskarta ta washe, irin washewar da rabona da gani tun tana firamare. Ta ce, "Umma, kina son ki gani? Da gaske?" Ta ruga ta nemo izini, aka rubuta sunana a littafin baƙi, aka saka mini farar riga da wani tabarau na roba. Haka na shiga yaƙin da na taho yi tun daga Kano, kamar mai shirin walda.

Ta tura wata ƙofa. Ɗaki ne mai haske, an jera dogayen kwalabe, kowace ta fi ni tsawo, cike da koren ruwa yana ɓulɓula. Babu kujera, babu babbar riga, babu kowa. Ta nuna su da hannu biyu ta ce, "Ga shi, Umma."

Na matsa na duba. A jikin kwalbar an manna takarda an rubuta algae. Na haɗa baƙaƙen a raina, ba su ba ni komai ba. Na ce ta karanta mini. Ta karanta. Turawa dai a rubuta wani abu a faɗi wani: abin da ya fito daga bakinta, in kunnen Bahaushe ya ji, Alaji ne sak.

Na ce, "Wannan ai gansakuka ce."

"Ita ce, Umma. 'Yar'uwarta ce, ƙanana ne sosai, sai da microscope ake ganinsu."

Gansakuka. Abin da nake sa a kankare mini daga bangon tafki duk wata ina tsine masa. Shi aka aiko daga Scotland a kwalba, aka kunna masa fitila, ake auna masa zafi safe da yamma. Shi ne mai canji, mai mata uku. Na dafa tebur, na yi ta hamdala a zuci. Ita kuwa ta ɗauka mamakin aikin ne ya kama ni.

Ta ja ni ɗaki na biyu, mai ɗumi kamar Kano a watan Afrilu. A nan tankunan jatan lande suke, manyan yayyen ƙananan nan da muke dakawa a miya, kowanne ya kai tsawon yatsa. Birmingham babu teku, don haka da kansu suke haɗa ruwan gishiri daga buhu, su ɗumama shi. Ɗalibai suna can suna jiran ƙarfe shida, jatan lande kuwa hitarsa ba ta mutuwa.

Ta yi mini bayani tiryan-tiryan. Masu kiwon jatan lande da garin kifi suke haɗa abincinsa, kamar yadda nake yi wa tarwaɗa. Garin kuwa daga ƙananan kifayen teku ake niƙa shi, irin waɗanda talaka zai saya ya yi miya, har daga gaɓar Afirka ta Yamma ana kwasowa. Gansakukar nan tana da abin gina jiki sosai. Sai a tace ta, a busar, ta zama koren gari, a rage garin kifi a zuba ta a madadinsa. Aikinta shi ne ta gano iya adadin da za a musanya ba tare da jatan landen ya daina girma ba. Makon da Nana ta ce Alaji ba shi da lafiya, wani ƙwaro ne ya shiga kwalaben, aikin wata biyu ya lalace, ta fara daga farko.

Wannan zance na gane shi, don tsadar garin kifi ta sha hana ni sukuni. Na ɗebi ƙwayoyin abincin na murza, na sansana, na jefa ɗaya a kofin ruwa. Nan da nan ta fara wargajewa. Na ce wannan ai ruwa zai ci, ba dabba ba. Ta ce abin da ke damunta ke nan, jatan lande a hankali yake ci, riƙewa yake yana gutsura, in koren garin ya yi yawa ƙwayar ba ta jurewa. Na ce ni da garin rogo nake ɗaure nawa, a dama shi da tafasasshen ruwa ya yi kauri kamar kamu ya dahu, sannan a kwaɓa. Ta ce sun gwada na alkama, ba ta gwada rogo ba. Ta ciro biro ta rubuta a bayan hannunta. Muka yi awa biyu a tsaye muna magana, ni da ita, abin da ba mu taɓa yi ba tun da na haife ta. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, har na manta abin da ya kawo ni.

Da la'asar muka koma gidan, Rifkatu ta ɗora shayi. Tana zubawa tana dariya ta ce, "Zulai, Mamanki comedian ce. Ta ce wai algae ɗinki ɗan ina ne, wai yana da iyali? Yadda ma take faɗa, kamar wani Alhaji..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta dube ni, ta dubi ƙawarta, ta ajiye butar, ta ce ta tuna tana da wanki a sama.

'Yar tawa ta dubi cikin kofinta. Ba ta da wauta, ban haifi mai wauta ba. Ta ce, "Wa ya faɗa?"

Na ce Nana ce ta yi magana, kakarta ta ji ba daidai ba.

"Hajiya ba ta san ni ba sosai, ba komai. Mutanen unguwa ma ba komai." Ta ɗago. "Ke fa, Umma? Kin yarda?"

Ina da amsoshi da yawa, kun san ni ba a rasa ni da magana. Amma na duba ƙarƙashin gadonta da hannuna awa huɗu da suka wuce.

Ta ce, "Shekara uku ina so ki tambaye ni me nake yi. Da kika ce ina yake, na ɗauka aikina kika zo gani." Ta miƙe ta kwashe kofunan, ta ce bari ta gyara mini gado, ita za ta kwanta a ƙasa.

Hajiya Rabi na aika mata hoton kwalaben washegari, ta ce dama ita ba ta taɓa zargi ba. Aure yana nan lafiya, Kabiru har yau bai san an yi ba. Na ƙara mako uku a Manchester, aka kai ni kanti, aka hau da ni jirgin cikin gari zuwa Salford na ga ruwa da gine-ginen gilashi. Duk Juma'a tana dawowa, ta durƙusa ta gaishe ni, ta dafa abin da nake so, ta wanke mini kaya ta goge. Ladabi babu abin da ta rage. Amma ko sau ɗaya ba ta sake ambatar aikinta a gabana ba.

Ranar tafiyata ita ta riƙe mini jaka har bakin inda ake tsayar da masu rakiya. Tun a mota nake juya tambayar a bakina. Da na ga za mu rabu na daure na ce, "An gwada rogon kuwa?"

Ta ce, "An gwada, Umma."

"Ya riƙe?"

"Ya riƙe."

Na tsaya ina jiran sauran bayanin, minti nawa ya yi a ruwa, sun ci ko ba su ci ba, duk ina so in ji. Ta miƙo mini jakar da hannu biyu, ta rusuna, ta ce Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutanen gida.